Wace irin agwagwa ce wannan da na gani a wani tafki a Ingila?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina karatu a kudancin Ingila, kuma a tafkin wani lambun shaƙatawa na ga wata ƙaramar agwagwa mai jan baki, da farin zane mai faɗi daga saman ido zuwa ƙeya, da gashin kumatu ruwan lemo, sannan a bayanta akwai gashi biyu a miƙe kamar an kafa tutoci. Wata mai launin toka tana biye da ita. Wace iri ce, kuma haihuwar daji ce ko ta kuɓuce ne daga hannun mai kiwo?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka kwatanta toron agwagwar mandarin ne, domin gashin nan biyu da ke tsaye a baya sun isa shaida. Asalinta gabashin Asiya ne, wato Sin da Japan da Koriya da gabashin Rasha. An kawo ta Turai ne don ado, sai waɗanda suka tsere daga gidajen masu kiwo suka hayayyafa a daji cikin ƙarni na 20, musamman a kewayen tafkin Virginia Water da dajin Windsor a kudancin Ingila, inda tsofaffin itatuwa suke da ramukan da take yin ƙwai a ciki. Saboda haka a yankinku ya fi yiwuwa haihuwar daji ce.

Amsa ta biyu:
Na yarda da batun toron, amma ina roƙon a yi hattara da macen, saboda tana kama ƙwarai da macen agwagwar kurmi ta Arewacin Amurka, wadda ita ma masu kiwo suke ajiyewa kuma takan gudu. Ka duba ido da kyau. Macen mandarin tana da siririn farin zobe a kewayen ido, da siririn layi da ya zarce baya, kuma tsinin bakinta fari-fari ne, alhali ta Amurka farin idonta ya fi faɗi, tsinin bakinta kuma baƙi ne. A lokacin zafi toron ma yakan zubar da adonsa ya koma kama da mace, sai dai jan bakinsa yana nan.

Amsa ta uku:
Idan agwagwar ta fito tudu, ka lura da ƙafafunta da fikafikanta. Zobe a ƙafa yakan nuna ta taɓa zama a hannun mutane, kamar toron mandarin da ya bayyana a lambun shaƙatawa na Central Park a birnin New York a 2018, ko da yake masu nazarin tsuntsaye ma sukan sanya wa na daji zoben ƙarfe. Idan fiffike ɗaya ya fi ɗaya gajarta, to an datse shi ne don hana ta tashi, kuma wannan ba ta zo tafkin da kanta daga nesa ba.