Maganin bakteriya da mankozeb a kan tumatir: me kuka gani a gonakinku?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Manoman tumatirin rani da suka jarraba maganin Bacillus subtilis, wata bakteriya mai amfani, a kan cutar tabon ganye, don Allah a faɗa mana yadda ta kaya.

Malamin gona, Kadawa: Wa alaikumus salam. Yana aiki, amma sai an riga cutar isa gona. Bakteriyar tana fitar da sinadarai masu ɗabi'ar sabulu: iturin da fenjisin suna huda fatar ƙwayar funfuna, safaktin kuma yana sa ruwan feshi ya baje a ganye. To amma idan tabon nan mai zobe-zobe ya taso daga ganyen ƙasa ya kai tsakiyar shuka, Bacillus kaɗai ba ya tsayar da shi. Abin da ya fi ba mu sakamako shi ne a soma tun daga bedi, duk kwana 7. Da tabo ya bayyana, a tsinke ganyen ƙasa a fitar da su daga gona, a fesa mankozeb, maganin funfuna, mai ƙarfin kashi 80, giram 40 a fanfon lita 16. Mako na gaba a koma Bacillus. Feshin yamma ya fi, kuma a jiƙa bayan ganye.

Mai shagon maganin gona: Gaskiya ne, Malam. A yi hattara da zuba Bacillus fanfo ɗaya da magani mai jan ƙarfe, shuɗi-shuɗin nan. Jan ƙarfe kashe bakteriya yake. A ɗauraye fanfo sau uku. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana a buɗe.

Ma'aikaciyar binciken tsirrai: A bedi kuwa, inda dashe ke ruɓewa daga wuya ya kife, yawanci Pythium ce, wata ƙwayar cuta mai kama da funfuna. Ramnolifid, sinadarin da bakteriyar Pseudomonas ke fitarwa, yana fasa 'ya'yanta masu iyo a ruwa domin ba su da bango. Waɗanda suka riga suka shiga saiwa ba ya kai musu. Idan ya yi kauri yana ƙona ganye, don haka a gwada a kan shuka goma, a jira kwana biyu. Kuma a rage ban ruwa, Alhaji, in ba haka ba kuɗin magani a banza.

Manomi, Ɗanja: Hajiya, a ƙara da wannan: masu sayen maganin Ridomil Gold MZ saboda tabo mai zobe, mankozeb ɗin cikinsa ne kawai ke musu aiki. Ɗaya sinadarin na Pythium ne da danginta, ba ruwansa da wannan tabon.