Baƙin walnot ya cika min tsakar gida, ya ake sarrafa shi?

Tambaya:
Salam 'yan uwa. Bana ce kaka ta farko da nake yi a jihar Misuri ta Amurka, gidan da muka kama akwai wata ƙatuwar bishiya a baya, tun ƙarshen Satumba take ta zubo da wasu 'ya'ya kore masu nauyi, maƙwabciyata tace baƙin walnot ne kuma ana cin ƙwayar da ke cikin ƙoƙonsa, wai har saye ake a nan jihar. Na ɓare guda biyar da hannu jiya, yanzu yatsuna sunyi baƙi ƙirin sabulu ya ƙi fitarwa, kuma na tarar da tsutsa a cikin ɓawon wasu. Dan Allah wanda ya sani ya min bayani, bana son abinci yana ruɓewa a gabana ina kallo.

Amsa ta 1:
Wslm ƙanwata. Baƙin nan haƙuri zaki yi, sai yayi sati biyu ko fi kafin ya fita, wani sinadari ne a ɓawon ana ce masa juglon, har rini ake da shi. Ki nemi safar hannu ta roba mai kauri. Tsutsar kuma kar ta dame ki, a koren ɓawon take tsayawa bata shiga ciki.

Ki tsince su da wuri kafin ɓawon ya narke yayi baƙi, don in ya daɗe ɗacinsa na ratsawa har ƙwayar. Ni tsohon takalmi nake sawa in murje su a kan siminti, wasu ma mota suke bi ta kai. Sai ki zuba a bokiti ki wanke kamar sau uku kina juyawa da sanda, duk wanda ya taso saman ruwa ki yar, yawanci fanko ne. Daga nan shanya, kuma nan ne mutane ke yin gaggawa su ɓata wahalarsu, ki baza su a inuwa inda iska ke shiga ko ki rataye a buhu mai raga sati 2 zuwa 3, in kika fasa tun yana ɗanye zaki ji shi laɓo-laɓo ba daɗi.

Amsa ta 2:
Yaya ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya, ruwan wankin kar ki zubar kusa da tumatir, kashe shi yake. In akwai kare a gidan kar ya ci waɗanda suka yi fumfuna, guba ne gare shi. Kuma kurege sai ya kwashe miki tas in kika shanya a fili.

Amsa ta 3:
Fasawar ce aiki wlh, ƙoƙon yafi na walnot ɗin kanti tauri nesa ba kusa ba. Guduma da dakali, ki rufe da tsumma saboda ɓarɓashi na tsalle ido. Ƙwayar kaɗan ce amma ƙamshinta mai ƙarfi ne, 'yar kaɗan ta isa kek guda. Ki ajiye a firiza don mai gare ta, tana saurin yin wari.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Bokiti biyu na tara yau, gobe zan sayo safar hannun in fara murjewa.