Wa ya taɓa zuwa Granada? Kwana biyu kawai gare ni

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Wajen aiki sun tura ni formasiyon ta sati biyu a Malaga ƙasar Espanya, biza ta hito alhamdulillahi. Asabar da lahadi ba aiki, kuma tun muna makarantar dare malaminmu ke ba mu labarin Andalus, wallahi raina ya biya in ga Granada da idona. Waɗanda suka taɓa zuwa, ina zan fara? Guzurin ba yawa.

Abban Hadiza:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komi ka shiga intanet yau ɗin nan ka kama biye, wato tikitin shiga, na Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan musulmi da ke kan tudun Granada, kar ka ce sai ka isa, ni haka na yi zuwana na farko na tarar ya ƙare, daga waje na kalli ganuwar abin ya daɗe yana mini ciwo. Biyen da sunanka yake hitowa don haka ka riƙe fasfo a aljihu, kuma fadar sarakunan Banu Nasr da ke cikinta, wato gidan sarautar musulmi na ƙarshe a garin, lokaci ake rubuta maka, in ka makara shi ke nan ba za su bari ka shiga ba. Daga Malaga wajen awa biyu ne a kar.

In ka shiga kar ka yi sauri don Allah. Akwai tsakar gida mai zakuna 12 na dutse ɗauke da kwanon ruwa, zamanin sarki Muhammad na biyar aka gina ta, ruwa na bin ƴan magudanai har cikin ɗakuna. Amma abin da ya tsayar da ni rubutun bango ne, duk inda ka juya wa la galiba illallah, an sassaƙa shi siriri siriri kamar zanen gidajen unguwar Birni ta Damagaram sai dai ya fi ƙanana, Turawa na ɗaukar hoto suna wucewa kai kuwa karantawa za ka yi. A 1492 garin ya bar hannun musulmi amma rubutun na nan.

Hajiya ta Zengo:
Ɗana in ka sauko cikin gari ka nemi Corral del Carbón, mutane da yawa wuce shi suke. Masaukin fatake ne tun ƙarni na 14, ƙofa ɗaya babba, tsakar gida da wurin ruwa a tsakiya, ƙasa kaya da dabbobi sama ɗakunan kwana. Ina shiga na tuna yadda kakata ke faɗin ayarin raƙuma na sauka nan Zengo. Da la'asar ka hau unguwar Albaisin, akwai masallaci da aka buɗe 2003, ka yi salla can, daga lambunsa Alhambra na gabanka sosai. Ka sa takalmi mai daɗi, hawa ne duka da duwatsu.

Malam na Garin Malam:
Ƙari kaɗan. Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin nan da ya biyo Mansa Musa sarkin Mali bayan hajjin 1324, ɗan Granada ne, a Tumbutu ya rasu. Ka kuma leƙa madarasar da sarki Yusuf na ɗaya ya kafa a 1349 kusa da babbar coci, mihirabinta na nan.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri. Yaya na duba yanzu, na asabar ya ƙare saura lahadi ƙarfe 9 na safe, na kama. Hajiya akwai wurin cin abinci halal kusa da masallacin?