Abin da masu kiwon akuyar madara suka ce game da sabulu

Kusan duk masu kiwon da suka yi magana bakinsu ya zo ɗaya: kada ka ajiye akuya tilo, kaɗaici na hana ta sakewa. Bunsuru kuwa a nisanta shi da wurin tatsa, don warinsa na kama madara. A cikin irin awakin, Saanen ta fi yawan madara, madarar Nubian kuma ta fi maiƙo, shi ya sa masu sabulu suka fi ƙaunarta.

Kan haɗin sabulun madarar akuya aka fi daɗewa ana magana. A daskarar da madarar ta zama ƙanƙara, sannan a riƙa barbaɗa sodar kostik kaɗan-kaɗan ana juyawa. In aka yi garaje, zafi zai ƙona ta, ta koma ruwan ƙasa mai ƙauri. Safar hannu da tabarau dole ne. Bayan an haɗa da mai, sabulun ya daskare an yanka, a bar shi mako 4 zuwa 6 ya sha iska.