Shin yawan damuwa rashin tawakkali ne?

Baffa: Jama'a, na gaji da jin wannan kalma ta damuwa a bakin yara. Mu da muka taso ba mu san wani ciwo mai wannan suna ba. Allah ya faɗa a Suratur Ra'ad, aya ta 28, cewa da ambatonsa zukata ke natsuwa. Wanda ya yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kwanciya yake ya yi barcinsa. Duk wanda tunani ya hana shi runtsawa, ya binciki tawakkalinsa.

Goggo: Yaya, maganar nan ta taɓa ni. Marayu huɗu nake riƙe da su da kaskon ƙosai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wake da man gyaɗa suka yi tashin gwauron zabi. Nakan tashi cikin dare in yi nafila, in koma shimfiɗa, lissafin kuɗin makaranta ya dawo mini sabo fil. To imanina ne ya yi rauni?

Ɗalibi: Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, ayar gaskiya ce, amma hukuncin ya yi tsauri. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, yana nan a Suratu Yusuf, aya ta 84. Wa zai ce ba shi da tawakkali? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta. Kuma Manzon Allah (SAW) da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, Bukhari ya ruwaito addu'ar. Ai mutum ba ya neman tsari daga abin da ba ya samun mumini.

Baffa: Ka kawo hujja, ɗana. Amma Annabi Yaƙubu ga wa ya kai kukansa? Ga Allah. Bai bi gida gida yana faɗa ba.

Nas: Baffa, a yi mini afuwa in sa baki, don wannan ɓoyewar ce ke kawo mana mutane ranga-ranga. Idan hankali ya tashi, jiki na sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau. Allah ya yi su ne don mutum ya tsere wa haɗari na ɗan lokaci. Idan abin ya zama na kullum, sai barci ya ƙaurace, kai ya riƙa sarawa, abinci ya fita daga rai. Mata da yawa na zuwa wurinmu da ciwon kai, sai an zauna da su ka tarar abin da ke cin su a zuci yake. Sun yi shiru ne don kada a ce ba su da haƙuri. Wanda abin ya yi wa nauyi kuwa, akwai likitocinsa a asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa da ke Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Auta: Ni dai ina bayan Baffa a wani ɓangare. Akwai damuwar da mu muke sayo wa kanmu. Ka kwana kana kallon bikin wasu a TikTok, gari ya waye ka raina abin da ke hannunka. Na daina shiga ɗaki da waya bayan isha'i, na kuma daina cin bashi don anko. Wallahi na sami sauƙi.

Baffa: Yauwa, Auta! Irin wannan nake nufi.

Goggo: Tawa ba ta anko ba ce, Yaya.

Ɗalibi: Shi ya sa da wani ya tambayi Annabi ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkalin. Goggo ta yi nata. Ɗaurin ne ya fi ƙarfin hannu ɗaya.

Baffa: Har yanzu ina kan bakana cewa zikiri ne babban magani. Amma ban san abin ya kai haka ba, ƙanwata, kuma laifina ne da ban tambaya ba. Kuɗin makarantar manyan biyu ya dawo wuyana daga wannan zangon.

Nas: Goggo, gobe bayan la'asar zan biyo da abin awon jini. Ki bar mini ƙosai biyar.