Ciwon jijiya yana bin zuri'armu: ta ina za mu fara bin diddiginsa?

Ɗan Talata Mafara:
Assalamu alaikum. Akwai ciwon da ya kama kakanmu, ya kama mahaifinmu da ƙanwarsa, kuma dukansu sai da suka haura shekara 50 sannan ƙafafunsu suka fara mutuwa har tafiya ta gagara. Wasu dangi sun ce sammu ne, amma ban gamsu ba. Na ji cewa a ƙasar Ayalan ana gano irin wannan ta hanyar bin tarihin iyali. Yaya suke yi, kuma za mu iya?

Malami daga Gusau:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi. A yankin Donegal na Ayalan akwai ciwon gado da ake kira amiloidosis, inda wani sinadari da hanta ke samarwa yake taruwa a jijiyoyi da zuciya, kuma idan uwa ko uba na ɗauke da shi, kowane ɗa, namiji ko mace, yiwuwar ya gaji ciwon rabi da rabi ce. Masu bin asali a can suna dogara da rajistar mace-mace da aka fara a 1864, da ƙidayar 1901 da 1911, da littattafan coci, domin tsofaffin takardu da yawa sun ƙone a Dublin a yaƙin basasar 1922.

Hajiya daga Kaura Namoda:
Ɗana, mu rajistarmu tsofaffin mata ne. Ka zauna da goggonninka da kakanni tun suna raye, ka tambayi yadda ciwon ya fara da shekarun da ya kama kowa, domin da shanyewar jiki da iska sunaye ne da ake laƙaba wa cututtuka barkatai. Ka bi dangin uwa da na uba, musamman inda aka yi auren zumunci, kuma ka yi cikin sirri saboda 'yan matan gidan da ba su yi aure ba.

Ma'aikacin lafiya daga Anka:
Malam, kada ka yanke hukunci tukuna. Ciwon suga ma yana kashe ƙafa, kuma gubar dalma da ta addabi Anka da Bukkuyum a 2010 ta kwantar da 'yan gida ɗaya ba tare da gado ba. Ka rubuta abin da ka tattara, ka kai wa likitan jijiya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tare da mahaifinku idan zai iya tafiyar.