Kalmar garambawul ta yi mana kaɗan

1/ Salamu alaikum 'yan uwa masu fassara da 'yan jarida, dan Allah ku matso. Kwana biyu ke nan ina fama da wata takarda kan haɗin gwiwar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, kalmomi biyu suka tsaya min a maƙoshi, "structural reform" da "regulatory reform". A rediyo duka biyun garambawul muke ce musu mu wuce, ni kuma wallahi raina bai kwanta da haka ba, don abu biyu ne daban kuma mai saurare yana cutuwa in aka cakuɗa su.

2/ Ita garambawul daga gareji ta fito. Bakanike ya sauke inji ya warware shi gaba ɗaya, ya canja ring da fistan, motar ta kwana biyu ba ta aiki, mai ita ya kashe kuɗi ya ji a jikinsa. To wannan hoton ya dace da na farkon sosai.

3/ Duk wanda ya yi wayo a 1986 ya san abin da nake nufi. SAP ɗin Babangida, wato shirin gyaran tattalin arzikin gwamnatinsa, aka rushe hukumomin sayen gyaɗa da auduga da koko, aka saki naira ta faɗi, daga baya aka shiga sayar da kamfanonin gwamnati. 'Yan uwanmu na Nijar su kuma Janairun 1994 ba za ta fita daga ransu ba, dare ɗaya aka raba darajar sefa biyu, faran ɗin Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Sannan ga cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023. Wannan duk sauke inji ne, a bar masa sunansa garambawul, in ana son Hausa tsantsa a ce gyaran tushe, ba ni da matsala da ko wanne.

4/ Matsalata na biyun ne. Mutumin da SAP ya taɓa ƙona shi, da ya ji an ce ƙasashen ECOWAS za su yi garambawul sai gabansa ya faɗi, ya fara lissafin kuɗin buhun masara, alhali abin da ake magana a kai wataƙila rage takardun da direban tirela zai nuna ne tsakanin Jibiya da Maraɗi, abin da shi kansa zai yi murna da shi in an faɗa masa da kalmar da ta dace. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, mu kuma masu fassara mu ne muke jefa masa tsumman.

5/ Wani Malam cikin masu sharhi ya ce a ce wa na biyun gyaran doka. Malam Allah ya ƙara sani, amma doka ta majalisa ce, a yi karatu na ɗaya na biyu na uku shugaban ƙasa ya sa hannu. Abin da ake nufi a nan yawanci sharuɗɗan da hukuma take gindayawa ne a ƙarƙashin dokar, irin na NAFDAC kan rajistar magani da abinci, na SON kan ingancin kaya, na kwastan kan yadda ake fiton kaya, na babban banki kan tura kuɗi. Waɗannan ƙa'idoji ne. Shi ya sa nake ganin gyaran ƙa'idoji ya fi, kuma ko tsohuwa a ƙauye ta san ƙa'ida.

6/ Kwaskwarima da gyaran fuska kuwa na cire su, don duk wanda ya ji zai ɗauka shafe-shafe ne na sama-sama.

7/ Yanzu ga inda na fi so mu tsaya. In ƙasa ɗaya ta gyara ƙa'idojinta ita kaɗai an gama magana. Amma in ƙasashe ne suka zauna don ƙa'idar wannan ta yi daidai da ta waccan, abin da Turawa suke kira "harmonisation", me za mu ce? Ni shawarata daidaita mudu.

8/ Dalilina, duk wanda ya taɓa awo ya sani mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, kwanon Dawanau daban, tiyar Maraɗi daban, ka sayi gero a ƙauye da babban kwano ka zo birni a auna maka da ƙarami sai rigima ta tashi ko da ba wanda ya yi niyyar cutar wani. Ranar da shugabannin kasuwanni suka yarda da mudu ɗaya, ciniki ya yi sauƙi ba tare da an rage wa kowa ko sisi ba. To abin da ƙasashe suke yi ke nan. Harajin shigo da kaya na bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a Janairun 2015 mudu ne mai gida biyar, kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, don kada kaya su shigo ta Kwatano da araha su zagayo Kano ta bayan gida. OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka kafa a 1993, ƙasashe 17 ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin, dokar kasuwanci iri ɗaya da kotu ɗaya a Abidjan, ita ma mudu ce, kuma Najeriya ba ta ciki, shi ya sa ɗan kasuwar Kano da ya buɗe kamfani a Damagaram yake tarar da komai baƙo. Haka ƙa'idar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa, ta 2005 kan nauyin da tirela za ta ɗauka don kada a lalata titi, wannan ma awo ne a zahiri, da sikeli ake yinsa.

9/ Yayata da ta yi sharhi, na ga gyaranki, kin ce mai saurare zai ɗauka maganar masu tauye mudu ake yi, wa'azin da muka taso muna ji a masallaci. Gaskiya kika faɗa kuma na yi tunani a kai. Maganinsa a farkon labari a faɗi cikakke, daidaita mudun ƙa'idoji tsakanin ƙasashe, bayan nan a gajarta. A takardar gwamnati ko yarjejeniya kuwa a rubuta daidaita ƙa'idoji kawai, mudun na rediyo da hira ne inda ake so mutum ya gane nan take.

10/ Akwai ƙaramin ɗan uwansa da bai kamata ya ɓace a ciki ba, wato kowa ya riƙe ƙa'idarsa amma a yarda da takardar juna, kamar katin inshorar mota mai ruwan ƙasa na ECOWAS da aka kafa tun 1982, ka yanka a ƙasarka ya yi maka aiki a wata ƙasar da ke cikin tsarin. Wannan ni na ce masa amincewa da hatimin juna.

11/ Kada wani ya ce maganar ta mutu tunda Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025. Albasar Galmi ba ta daina shiga Illela ba, shanu ba su daina zuwa Maigatari ba, kuma mun ga abin da rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya yi wa mutanen kan iyaka. Ga kuma AfCFTA, yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, da aka sa wa hannu a Kigali a 2018, sakatariyarta a Accra, yawancin aikin da ya rage mata wannan daidaita mudun ne, shaidar asalin kaya, ingancin abinci, lasisin sana'a. Labaran nan za su yi ta zuwa teburinmu shekara da shekaru.

12/ A takardar da ke hannuna dai na sa garambawul wa na farko, gyaran ƙa'idoji wa na biyu, daidaita mudu a inda ƙasashe suka haɗu. Abin da nake roƙo, 'yan uwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa ku gaya min ko mudu zai zauna a kunnenku ko tiya ta fi, na zango a Kumasi da Accra ku ma ina jiranku, don ranar Litinin zan miƙa aikin.